Tafi da Tarzoma: Yadda 'Yan Kallon Paris Suka Karɓi Finafinan Buñuel na Farko

Tsakanin shekarar 1929 da 1930 birnin Paris ya ga finafinai biyu daga hannun mutum ɗaya, wato Luis Buñuel ɗan ƙasar Sifaniya, waɗanda dukkansu suka ginu a kan soyayya da mutuwa, dukkansu kuma suka bi tsarin mafarki maimakon tsarin labari, amma tarbar da aka yi musu ta sha bamban ƙwarai. Na farko an tafa masa, har ya yi wata 8 ana nuna shi a gidan sinima guda, na biyu kuwa bai cika mako biyu a gaban jama'a ba aka haramta shi, ya kuma shafe kusan shekara 50 a ɓoye. Wannan bambanci ya fi bayyana halin 'yan kallon zamanin fiye da yadda yake bayyana halin finafinan kansu.

Finafinan biyu sun fito ne daga wata tafiya ta marubuta da masu zane da ake kira suriyalizim, wadda André Breton ya rubuta takardar manufofinta a 1924. Mabiyanta, waɗanda da yawansu sun ga ɓarnar Yaƙin Duniya na Ɗaya da idonsu, sun yanke ƙauna daga hankali da tsarin da Turai ke taƙama da su, suka juya ga mafarki da sha'awa da abin da zuciya ke ɓoyewa, suna dogaro da rubuce-rubucen Sigmund Freud, likitan nan na birnin Biyana da ya ce akwai wani ɓangare na tunanin mutum da ke sarrafa shi ba tare da saninsa ba. A daidai lokacin ne kuma aka buɗe wasu ƙananan gidajen sinima a Paris, kamar Studio des Ursulines a 1926 da Studio 28 a unguwar Montmartre a 1928, waɗanda ba su damu da finafinan kasuwa ba, kuma masu zuwa cikinsu ɗalibai ne da mawaƙa da masu zane da 'ya'yan manyan gidaje da ke son a san su da wayewa.

Fim na farko, Un Chien Andalou, wato karen Andalus, ko da yake babu kare a cikinsa kuma babu Andalus, Buñuel ya tsara shi ne tare da mai zane Salvador Dalí, da kuɗin da mahaifiyar Buñuel ta ba shi, su biyun kuma suka yi sharaɗin cewa duk wani hoto da za a iya yi masa bayani na hankali sai a jefar da shi. Fim ne gajere wanda bai kai rabin awa ba, ba shi da magana, yana farawa da wani mutum yana wasa reza, sannan gajimare siriri ya ratsa wata, sannan reza ta tsaga idon mace, wanda a gaskiya idon mataccen maraƙi ne. Daga nan sai tururuwa na fitowa daga tafin hannu, da wani saurayi da ke yunƙurin isa ga matar da yake so alhali yana jan manyan piyano biyu da aka ɗora musu mushen jakuna, a ƙarshe kuma masoya biyu da aka gani suna yawo a bakin teku suka bayyana a binne cikin yashi har ƙirji.

An fara nuna shi ranar 6 ga Yuni 1929 a Studio des Ursulines, kuma Buñuel ya faɗa daga baya a littafin tarihin rayuwarsa cewa ya tsaya a bayan allon yana canza faifai a garmaho, tsakanin kiɗan tango na Ajantina da kiɗan Wagner na labarin Tristan da Isolde, masoyan da labarinsu ya ƙare da mutuwa, aljihunsa cike da duwatsu domin ya jefi 'yan kallo idan suka taso masa. Duwatsun ba su yi amfani ba, domin zauren ya ɓarke da tafi. Abin da ya biyo baya ya ba shi haushi fiye da yadda jifa zai ba shi, saboda fim ɗin da aka yi don ya ɓata wa masu hali rai ya zama abin yayinsu, suna cika Studio 28, inda aka ci gaba da nuna shi, suna yaba kyawunsa. A mujallar 'yan suriyalizim ta watan Disamba 1929, inda aka buga rubutun fim ɗin, ya zargi masu yabon da wauta, yana mai cewa sun ga waƙa da kyau a cikin abin da shi ya nufa da kiran kisa. Akwai waɗanda suka kai ƙara wurin 'yan sanda, amma hukuma ba ta ga dalilin taɓa shi ba, kuma ba ta yi kuskuren lissafi ba, tunda tsaga ido, duk da munin ganinsa, bai ambaci coci ko soja ko gwamnati ba, kowa yana iya fita ya fassara shi yadda ya ga dama.

Cikin waɗanda fim ɗin ya burge akwai Charles de Noailles, wani basaraken Faransa mai dukiya, da matarsa Marie-Laure, waɗanda suka ɗauki nauyin fim na biyu, L'Âge d'or, wato zamanin zinariya, mai tsawon kimanin awa ɗaya kuma mai sauti. A nan hannun Dalí kaɗan ne, domin abota ta fara tsami tsakaninsu. Fim ɗin yana buɗewa da bayani kan rayuwar kunama, sannan ya nuna manyan limaman Katolika zaune a kan duwatsun gaɓar teku cikin kayan ibada, waɗanda daga baya aka tarar sun zama ƙwarangwal, rigunansu da hulunansu na nan a jikin ƙashi. Ana cikin bikin aza harsashin birnin Rum a wurin, da jami'ai da limamai da masu lambobin girma, sai ihun wata mace ya katse jawabi, aka ga masoya biyu, waɗanda Gaston Modot da Lya Lys suka fito a matsayinsu, suna birgima a cikin taɓo, aka raba su da ƙarfi. Duk sauran fim ɗin yunƙurinsu ne na sake haɗuwa, iyali da 'yan sanda da ladabin manyan gidaje suna shiga tsakani. Rufewar ita ce ta fi tsanani, domin an ɗauko ta daga wani littafin Marquis de Sade, marubucin ƙarni na 18 da ya yi ƙaurin suna wajen batsa da zalunci, aka fito da shugaban fasiƙan labarin cikin siffar da masu zanen Turai suka saba ba Annabi Isa. Abin lura a gefe shi ne, Marie-Laure kanta jinin Sade ce ta wajen kakarta, ta wajen uba kuma daga gidan Bischoffsheim take, Yahudawa masu banki, kuma wannan asali na biyu ya shiga cikin abin da aka yi amfani da shi wajen sukar fim ɗin.

Manyan baƙin da ma'auratan suka gayyata kallonsa a sinimar Panthéon a watan Oktoba 1930 sun fita cikin sanyin jiki, amma ba a yi rigima ba. A ƙarshen Nuwamba aka buɗe shi ga jama'a a Studio 28, bayan an samo izinin hukumar tace finafinai ta hanyar gabatar da shi a matsayin mafarkin mahaukaci, kuma kwanakin farko sun wuce lafiya. Ranar 3 ga Disamba ne 'yan ƙungiyoyi biyu na masu tsattsauran ra'ayin kishin ƙasa, ɗaya mai kiran kanta ƙungiyar 'yan kishin ƙasa, ɗaya kuma ta masu ƙin Yahudawa, suka shiga zauren kamar sauran 'yan kallo, suka jira har aka zo inda ake ajiye wani mazubin ibadar Katolika a ƙasa bakin titi, sannan suka watsa wa allon tawada, suka jefa abubuwa masu hayaƙi, suka doki mutane, suna ihun zagin Yahudawa. A hanyarsu ta fita suka yayyaga zane-zanen Dalí da Joan Miró da Max Ernst da Man Ray da Yves Tanguy da aka rataya a farfajiyar. Mutanen da suka zo da tawada da hayaƙi daga gida ba fim ɗin ne ya fusata su a zaune ba, sun riga sun yanke hukunci tun kafin a kashe fitila, don haka kiran abin da ya faru martanin 'yan kallo bai cika daidai ba.

Jaridun masu ra'ayin riƙau, musamman Le Figaro da L'Ami du peuple, waɗanda a lokacin duk suna hannun attajirin turare François Coty, sun ɗauki maganar suna neman a hana fim ɗin, suna danganta shi da baƙi da 'yan gurguzu. An fara da umarnin cire wuraren limaman, sannan ranar 10 ga Disamba shugaban 'yan sandan Paris, Jean Chiappe, ya haramta shi da sunan kiyaye zaman lafiya, aka ƙwace kwafin da aka samu. Hukuncin ya faɗa kan abin da aka kai wa hari, kuma 'yan suriyalizim sun fitar da takarda ɗauke da hotunan ɓarnar suna tambayar tun yaushe doka ta koma bin umarnin masu tarzoma. Buñuel ba ya ƙasar ma a lokacin, yana Hollywood bisa gayyatar kamfanin MGM.

Nauyin ya sauka ne a kan Charles de Noailles, wanda manyan gidajen Paris suka juya wa baya, har ya ɓoye fim ɗin da kansa, ya kuma jinkirta fitar da wani fim da ya biya wa Jean Cocteau, Le Sang d'un poète, sai a 1932. Shekaru da dama ba a ganin L'Âge d'or sai a keɓaɓɓun wurare irin su ma'ajiyar finafinai ta Faransa, kuma sunansa ya yi ta girma a bakin mutanen da ba su taɓa kallonsa ba. Buñuel bai manta da Chiappe ba, domin a fim ɗinsa na 1964, Le Journal d'une femme de chambre, ya rufe da jerin gwanon masu ƙin baƙi suna kirarin sunansa, shekara 24 bayan mutuwar mutumin a jirgin sama da aka harbo a tekun Bahar Rum. An fara nuna L'Âge d'or ga jama'a a Amurka a 1979, aka kuma sake fitar da shi a Paris a 1981, shekara 2 kafin Buñuel ya rasu a Meziko, kuma a wannan karon masu sharhin jaridu sun karɓe shi a matsayin ɗaya daga cikin manyan ayyukan sinimar Faransa.