Gaban Tozo ko Kewayen Tozo: Tarihin Sirdin Raƙumi a Hanyar Damagaram

Duk wanda ya saba zuwa kasuwar dabbobi a Zinder, ko kasuwannin ƙauye da ke tsakanin Damagaram Takaya da Tanut, ya san raƙuma ba shimfiɗa ɗaya ake yi musu ba. Wanda Ba'abzine ya hawo, sirdinsa can gaba yake, a kan kafaɗu, kusa da gindin wuya. Wanda ya ɗauko buhunan gero ko kanwa kuwa, akumarinsa ya kewaye tozo, kayan sun sauka dama da hagu a kan haƙarƙari. Wannan bambanci ya girmi masarautar Damagaram da ɗaruruwan shekaru, kuma da shi aka gina babban rabo na arzikinta.

Tushen maganar tozo ne. Tozon raƙumi kitse ne, babu ƙashin da zai tokare nauyi a cikinsa. Da damina, in dabba ta ƙoshi, sai ya cika ya miƙe. Da bazara, ko bayan doguwar tafiya, sai ya zabge ya kwanta gefe. Abin da ke sauya siffa haka ba a ɗora masa mutum kai tsaye. Doki bayansa a shimfiɗe yake, wurin sirdi a bayyane. Raƙumi kuwa dole mai shi ya zaɓa: ya zauna bayan tozo, ko ya gina abin da zai tsallake tozon, ko ya matsa gabansa. Al'ummomin da suka rayu da raƙumi sun gwada duka ukun.

A yankin Larabawa aka fara mallakar raƙumi mai tozo ɗaya, kimanin shekaru 3,000 da suka wuce. Zaman da ya fi daɗewa shi ne na bayan tozo: a ɗaure shimfiɗa a kan ƙugun dabbar, mahayi ya durƙusa ko ya zauna a kai. Har yau ana ganin irinsa a ƙasar Oman. Yana da sauƙin haɗawa, amma mahayi ya yi nisa da kan raƙumi, sai da sanda yake juya shi, ga jijjigar ƙafafun baya duk a jikinsa take ƙarewa. Daga baya Larabawan arewa suka ƙera sirdin itace mai baka biyu, ɗaya gaban tozo ɗaya bayansa, aka haɗa su da sanduna a gefe, aka sa matashi a ƙarƙashi. Nauyi ya bar tozo ya koma kan haƙarƙari. Masanin tarihi Richard Bulliet, a littafinsa na 1975 kan raƙumi da keken dabbobi, ya sa bayyanar wannan sirdi tsakanin shekara ta 500 da ta 100 kafin haihuwar Annabi Isa. A ganinsa, shi ne ya ba makiyayan Larabawa damar yaƙi a kan raƙumi da riƙe hanyoyin fatauci, har raƙumi ya kori amalanke daga yankin na tsawon ƙarnoni.

Mutanen Sahara, da raƙumi ya yaɗu a ƙasarsu cikin ƙarnonin farko na Miladiyya, sun bi hanya ta uku. Suka ɗora mahayi a kan kafaɗu, inda ƙashi yake da ƙarfi kuma jijjiga ta fi sauƙi. Sirdin Abzinawa da ake kira tarik, da ɗan'uwansa tamzak mai kwacciya reshe uku wanda Agadas ta shahara da shi, da rahla ta mutanen Muritaniya, duk ƴaƴan wannan dabara ne.

Sai mutum ya ga ana ɗaurawa zai gane hikimar. Raƙumi ya gurfana, a shimfiɗa ƙyalle mai kauri a gaban tozo, a aza sirdin, a zaga majayi ta ƙarƙashin ƙirji a ja shi tamau. Mazaunin ɗan faifai ne, da majingina a baya. Mahayi ya tuɓe takalmansa ya rataye, domin da ƙafa zai yi magana da dabbar: tafin ƙafarsa a kan wuya, yatsu suna dannawa in yana son sauri, suna sassautawa in yana son a tafi a hankali. Akala tana hannu ɗaya, ɗayan hannun ya huta, ko ya riƙe mashi ko takobi. Raƙumi da ƙafafun baya yake fara tashi, don haka sabon mahayi kan tafi gaba kamar zai kife, ya kai hannu ya cafki kwacciya. Abin da Abzinawa ke hanawa ke nan, domin kwacciyar siririya ce, ba don riƙo aka yi ta ba, tana iya karyewa. Da ƙafa da ƙugu ake zama a kan wannan sirdi.

Amma kowane allazi da nasa amanu. Sirdin gaban tozo ya ba mahayi iko da sauri, bai bar wurin kaya ba sai jakar fata da salka da za a rataya. Ga shi yana neman gwaninta: wanda bai saba ba, kafin la'asar cinyoyinsa sun gaya masa. Shi ya sa ayari bai taɓa dogara da shi kaɗai ba. Madugu da masu rakiya suna gaba a kan sirdin kafaɗa, raƙuman kaya suna biye a jere, kowanne an ɗaura akalarsa a jikin na gabansa. Matan manyan gidaje kuma nasu daban ne, mazauni mai faɗi da ake kafawa bisa tozo, wani lokaci da rumfa, domin abin da ake nema a nan natsuwa ce.

Damagaram ta tashi ne daidai inda waɗannan dabaru ke haɗuwa. Daular ta samo asali a ƙarni na 18 a ƙarƙashin inuwar Barno, kuma da garin Damagaram Takaya ake danganta sunanta. A farkon ƙarni na 19 Sarki Sulaiman ɗan Tintuma ya mai da Zinder hedkwata. Garin yana kan hanyar da ta taso daga Tarabulus ta Gadamas da Gat, ta ratsa duwatsun Abzin da Damargu, ta nufi Kano. Fadar sarki tana Birni, baƙin fatake kuwa suna sauka a Zango. Abzinawan Kel Ewey su ne manyan masu raƙuman wannan hanya. Baturen Ingila James Richardson ya sauka Zinder a Janairun 1851 zamanin Sarki Ibrahim, bayan ya ratso Abzin tare da su. Bajamushe Heinrich Barth ya iso a Disambar 1852. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, aka zagaye Birni da ganuwa, aka ƙera igwa a cikin gari, ciniki ya bunƙasa. Daga arewa ana kawo yadi da takarda da bindigogi da duwatsun ado. Daga kudu ana fitar da jar fata da gashin jimina da hauren giwa, da bayi, wanda shi ne baƙin shafin wannan tarihi.

Ƙarfin fada kuwa a kan doki yake. Barden Damagaram yana zaune cikin sirdi mai tudu gaba da baya, ƙafa a likkafa, wani da sulke wani da lifidi. Wannan zama na wanda zai yi karo ne, yana son abin da zai tokare shi kada ya zame. Don haka a gari ɗaya ana ganin zama uku: na barde da ke neman tokari, na Ba'abzine da ke neman sakewa, da akumarin ɗan ayari da ke neman daidaito. Maƙera da dukawa da masassaƙa kowa ya san nasa aikin a ciki.

Daidaiton nan shi ne ran ayarin gishiri, wanda ke tashi da kaka zuwa Fashi da Bilma ya ratsa Tenere, sannan ya gangaro kudu da kantu da dabino ya musanya da gero a Damargu da Damagaram da ƙasar Hausa. Raƙumin doguwar tafiya yakan ɗauki kimanin kilo 150. Ana naɗe kantu cikin tabarma ko ciyawa, mutum biyu su tsaya dama da hagu su ɗaga lokaci ɗaya, su ɗaure. In gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya, akumari zai goge fata, gyambo ya fito a gindin tozo, kuma raƙumin da bayansa ya ɓaci ya fita daga aiki na makonni. Shi ya sa a kowane zango, kafin mutum ya nemi abin da zai ci, sai ya sauke kaya ya shafa bayan dabbarsa ya duba.

Turawan Faransa sun koyi darajar raƙumi da tsada. Rundunar Foureau da Lamy ta baro Wargala a Aljeriya a 1898 da raƙuma kusan 1,000. Kafin ta fita daga Abzin yawancinsu sun mutu saboda wahalar hanya da ƙarancin kiwo, har sai da aka ƙone kaya masu yawa, kuma da ƙyar ta iso Zinder a Nuwamban 1899. A lokacin garin ya riga ya faɗa hannun Faransa, bayan yaƙin Tirmini na Yulin wannan shekara, inda aka ci rundunar Sarki Amadu Kuran Daga. Da Faransawa suka kafa sojojin raƙuma a Sahara, zaman gaban tozo na mutanen hamada suka ɗauka. Daga Zinder kuma rundunar da ta je kwance ƙawanyar da jagoran boren Abzinawa, Kawsan, ya yi wa barikin Faransawa na Agadas ta tashi, ta isa a Maris na 1917. Ƙwace raƙuma da yaƙin ya jawo ya yi wa garken Abzin mummunar illa.

Abin da ya karya babbar hanyar, duk da haka, jirgin ƙasa ne. Layin dogo ya iso Kano a 1911, shekarar da Italiya ta afka wa Tarabulus, sai kayan Turai suka koma shigowa ta teku da Legas. A 1926 aka ɗauke babban birnin Nijar daga Zinder zuwa Yamai. Manyan motoci suka biyo baya, farin 1973 da na 1984 suka cinye dabbobi, yau kuma babur ya karɓe yawancin tafiyar da ake yi da raƙumin hawa.

Akumari bai mutu ba, domin har yanzu raƙumi yana kai gero da kanwa inda mota ba ta zuwa, kuma ayarin gishiri bai daina tafiya ba ko da ya ragu. Sirdin kafaɗa ne ke komawa kayan biki, ana fito da shi a taron Kur Sale na Ingal da sauran bukukuwa, an yi masa ado da jar fata da koriya da farin ƙarfe. Masu iya sassaƙa shi yadda zai zauna daidai a kafaɗa ba tare da ya ji wa dabba ciwo ba suna tsufa. Ya kamata fadar Damagaram da Jami'ar Zinder da hukumomin al'adu su nemi waɗannan maƙera da dukawa tun suna raye, a rubuta ma'auninsu da sunayen sassan aikinsu, a ɗauki hoton yadda suke yi, a kuma sa matasa su zauna gabansu su koya.