Jibin Ubangiji: Bangaskiya, Roƙo Domin Juna da Ɗayantakar Masu Bi

Jibin Ubangiji cin gurasa ne da shan ƙoƙo da masu bi suke yi tare don tunawa da mutuwar Yesu Almasihu. Shi da baftisma su ne farillai biyu da ikkilisiyoyin bishara suke kiyayewa bisa ga umarninsa. Yesu ya kafa shi a Urushalima lokacin Idin Ƙetarewa, a daren da aka kama shi. Labarin yana cikin Matiyu 26, Markus 14, Luka 22 da 1 Korintiyawa 11. A wannan dare ɗaya Ubangiji ya ba da gurasa da ƙoƙo, ya yi wa Bitrus addu'a, ya kuma roƙi Uba domin ɗayantakar almajiransa. Saboda haka ba a raba Jibi da bangaskiya, da roƙo domin wasu, da zaman ɗaya.

Bangaskiya

Gurasa tana nuna jikin Almasihu, ƙoƙo kuma jininsa na sabon alkawari. Ɗariku sun bambanta wajen bayani. Katolika suna koyar da cewa gurasa da ruwan inabi suna zama ainihin jiki da jinin Almasihu. Lutheran, irin su LCCN, suna cewa Almasihu yana nan da gaske cikin gurasa da ƙoƙon. ECWA da Baptist suna ɗaukarsa abin tuni da shelar mutuwarsa har ya komo. Amma duka sun yarda cewa ba a zuwa teburin sai da tuba da bangaskiya.

Ba sai mai ƙarfin bangaskiya kaɗai ake gayyata ba. Waɗanda suka ci Jibi na farko sun gudu a daren nan, Bitrus kuma ya yi musun Ubangijinsa sau uku. Abin da ya riƙe shi shi ne addu'ar da Yesu ya riga ya yi masa don kada bangaskiyarsa ta rushe (Luka 22:31-32).

Roƙo domin wasu

Addu'ar roƙo ita ce mutum ya tsaya a gaban Allah da damuwar wani. Ibrahim ya yi haka domin Saduma (Farawa 18), Musa kuma domin Isra'ilawa bayan sun yi wa ɗan maraƙin zinariya sujada (Fitowa 32). Da aka kulle Bitrus a kurkuku, ikkilisiyar Urushalima ta nace da addu'a dominsa (Ayyukan Manzanni 12:5). Tushen duka shi ne Almasihu, Babban Firist ɗinmu, wanda har yanzu yake roƙo dominmu a gaban Uba (Romawa 8:34, Ibraniyawa 7:25).

Don haka ya dace a ranar Jibi a ambaci waɗanda ba su iya zuwa ba: marasa lafiya, tsofaffi, gwauraye, waɗanda suka tafi cin rani, da waɗanda suka ja da baya. Roƙon bai tsaya a ƙofar majami'a ba. Manzo Bulus ya umarta a yi addu'a domin dukan mutane da masu mulki (1 Timoti 2:1-2). A wurinmu wannan ya haɗa da mai unguwa, dagaci, hakimi da sarki, da maƙwabta da dangi Musulmi waɗanda muke cin kasuwa ɗaya da su, muke kuma jiran damina ɗaya.

Ɗayantaka

Bulus ya kafa hujjarsa a kan gurasar kanta: tun da guda ce aka kakkarya, masu cinta jiki ɗaya ne (1 Korintiyawa 10:16-17). Bahaushe ya san wannan, domin ba a zama a sa hannu cikin akushi ɗaya da wanda ake gaba da shi. A Koranti masu hali suna ƙoshi, matalauta suna tashi da yunwa, sai Bulus ya ce abin da suke yi bai cancanci a kira shi Jibin Ubangiji ba. Gargaɗinsa game da ci da rashin cancanta ya fito ne daga wannan raini tsakanin 'yan'uwa. EYN, wadda aikinta ya fara a Garkida a 1923, tana haɗa Jibi da wanke wa juna ƙafa bisa ga Yohanna 13, domin babba ya durƙusa a gaban ƙarami.

A ƙasar Kano

Gwamnatin mulkin mallaka ta daɗe tana taƙaita aikin mishan a masarautun Arewa. A shekarun 1930 ne ƙofa ta buɗe wa mishan ta SIM ta hanyar jinyar kutare, kamar a Yadakunya kusa da Kano. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa a 1932, aka kafa ECWA a 1954, TEKAN kuma a 1955. Da yawa daga cikin Hausawa masu bi na karkarar Kano sun fito ne daga gidajen Maguzawa, kamar a Gani ta ƙasar Sumaila, yayin da majami'un Sabon Gari suka tara ƙabilu daga ko'ina cikin Nijeriya.

A gabashin jihar, wuraren Balan ta ƙaramar hukumar Gaya da ƙauyukan Ajingi, mafi yawan jama'a Musulmi ne, masu bi kuwa kaɗan ne a warwatse. Inda mutane ba su da yawa, rikicin iyakar gona ko na bashi tsakanin gida biyu ya isa ya raba ikkilisiya. Ƙaramar ikkilisiya da mai bishara yake kula da ita takan jira zuwan fasto da aka keɓe kafin ta ci Jibi. Wannan jira zarafi ne na shiri. Nauyi ne kuma a kan manyan ikkilisiyoyin birni su riƙa roƙo domin 'yan'uwansu na ƙauye, su kai musu ziyara, gama zumunta a ƙafa take.

Shiri kafin Jibi

A sanar da ranar tun da wuri domin kowa ya binciki zuciyarsa (1 Korintiyawa 11:28). Wanda ya san ɗan'uwansa yana riƙe da shi a zuci, ya je ya nemi sulhu tukuna (Matiyu 5:23-24). Idan abin ya gagara, a kira dattawa. Wanda yake ƙarƙashin horon ikkilisiya ba a yar da shi ba: a ci gaba da yi masa addu'a da ziyara har ya komo teburin. Inda tsarin ɗarika ya yarda, fasto da dattawa su kai wa marasa lafiya Jibi a gida. Baikon ranar kuma kada ya manta da gwauraye da marayu da suke cikin taron.