Takunkumin da ya kori haukan kare daga Birtaniya

A shekarar 1897 ministan gona na Birtaniya, Walter Long, ya ba da umarnin ɗaura wa karnuka takunkumi a yankunan da ciwon haukan kare ya ɓulla, wanda aka shigo da shi daga ƙetare kuma a killace shi. Masu karnuka suka harzuƙa, musamman ganin an ɗaga wa karnukan farautar masu hannu da shuni ƙafa, kuma a nan suna da gaskiya. Long bai janye ba, domin ta cizo cutar ke yaɗuwa, ɗaurarren baki kuwa ba ya cizo. A 1902 cutar ta ɓace daga ƙasar. Ta dawo a 1918 ta hanyar karen da aka shigo da shi a ɓoye, ba a sake kawar da ita ba sai a 1922.