Yadda Damben Ƙauyen Chen Ya Koma Maganin Gwiwa

Mu da muka tashi da kallon fina-finan Chana, Taici a wurinmu wasan tsofaffi ne. Jarumi na can yana tsalle yana karya katako, su kuwa suna gefe suna jan hannu a iska kamar masu tuƙa tuwon da babu shi. Sai da zaman gaban kwamfuta ya fara sa gwiwoyinmu ƙara tun ba mu kai arba'in ba, sannan muka nemi sanin asalin abin.

Motsa gaɓɓai don neman lafiya ya girmi Taici nesa ba kusa ba. A 1973 aka tono wani kabari a Mawangdui, a kudancin ƙasar Sin, wanda aka rufe tun shekara ta 168 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A ciki aka sami ƙyallen alharini mai zanen mutum 44, maza da mata, kowa da irin miƙar da yake yi. An rubuta ciwon da wasu motsin ke magancewa, har da na gwiwa. Daga baya likita Hua Tuo ya tsara motsi na kwaikwayon dabbobi biyar, cikinsu da damisa da barewa da biri, yana kwatanta jiki da ƙyauren da ake buɗewa kullum, wanda ba ya ruɓewa.

Shi kuwa Taici faɗa ne tsantsa. Almara na jingina shi ga wani sufi, Zhang Sanfeng, amma masana tarihi sun fi karkata ga Chen Wangting, tsohon soja na ƙarni na 17 a ƙauyen Chen da ke lardin Henan. Jinkirin da muke wa dariya dabarar horo ce. Wanda ya yi motsi a hankali ba shi da inda zai ɓoye kuskure: zai ji lokacin da gwiwa ta kauce daga saitin yatsun ƙafa, zai ji ƙugu ya ƙi juyawa. Mu masu rubuta manhaja mun san wannan, domin layi-layi muke bin shiri idan muna farautar inda ya lalace.

Yang Luchan ne ya kai shi Beijin a ƙarni na 19, ya koyar da manyan fada. Jikansa Yang Chengfu, wanda ya rasu a 1936, ya rage tsalle da buga ƙafa, ya faɗaɗa motsin ya sassauta shi. A 1956 hukumar wasanni ta ƙasar ta taƙaita shi zuwa motsi 24 da ake gamawa cikin kamar minti shida. Masu kishin damben na ganin an zare masa haƙora, kuma ba su yi ƙarya ba. Sai dai wannan sassaucin ne ya buɗe wa mai amosanin gaɓɓai ƙofa.

Dalilin yana cikin guringuntsi. Ba shi da jijiyoyin jini, daga ruwan da ke cikin gaɓa yake samun abinci, kuma sai an matsa shi an saki, kamar soso, ruwan ke shiga yana fita. Gaɓar da aka daina motsawa don tsoron ciwo sai ta ƙara sandarewa, naman da ke riƙe da ita ya yi rauni.

Paul Lam, likita a birnin Sidni na Ostireliya wanda shi ma ya yi fama da ciwon tun yana matashi, ya tsara Taici na musamman don masu amosani a 1997. A 2016 masu bincike ƙarƙashin Chenchen Wang a Boston suka gwada mutum 204 masu ciwon gwiwa, wasu suka yi Taici, wasu aka yi musu gashin ƙashi na asibiti. Bayan mako 12 sauƙin da ɓangarorin biyu suka samu ya zo kusan ɗaya. Guringuntsin da ya cinye ba ya dawowa, ciwon ne ke raguwa, tafiya ta yi sauƙi. A 2019 ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Amurka ta sa shi cikin abubuwan da take ba da shawara mai ƙarfi a kansu ga masu amosanin gwiwa da na ƙugu.