Daga ƙanƙarar Lavoisier zuwa kofin roba na ajinmu

Bara ni da ɗalibaina muka haɗa ma'aunin adadin zafi, wanda littattafanmu na Faransanci ke kira kalorimeta. Kofin roba biyu muka sa ɗaya cikin ɗaya, muka rufe, muka zura ɗan tsinken lantarki mai nuna digiri a allo. Muka gauraya ruwa giram 100 mai digiri 60 da wani giram 100 mai digiri 30. Lissafi ya ce 45, allo ya ce 42. Nan take yara suka ce na'urar ce ta lalace. Ni kuwa sai na tuna tarihi.

A hunturun 1782 zuwa 1783, Antoine Lavoisier da Pierre-Simon Laplace suka ƙera irin wannan ma'auni a Faransa. Sun dogara ga binciken Joseph Black na Sikotland, wanda ya nuna cewa ƙanƙara tana shan zafi tana narkewa ba tare da digirinta ya motsa ba. Sai suka kewaye abu mai zafi da ƙanƙara, suka auna ruwan da ya zubo. Har ɓeran Masar suka sa a ciki, suka gano cewa numfashi wani irin ƙuna ne a hankali.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce bango na biyu. Sun sake zagaye tukunyar da wata ƙanƙarar daga waje, don kada zafin ɗaki ya shiga ya ɓata lissafi.

Awo da lantarki daga baya ya zo. A 1821 Thomas Seebeck ya gano cewa ƙarfe iri biyu da aka haɗa suna ba da lantarki idan zafin mahaɗansu ya bambanta. A 1833 Michael Faraday ya lura da wani sinadari da lantarki ke ƙara ratsa shi idan ya yi zafi. Tsinken hannunmu jikan waɗannan bincike ne.

To ina digiri ukunmu suka tafi? Kofi ya sha, murfi ya sha, iska ta kwashe saura. Tsinken gaskiya ya faɗa, tukunyarmu ce ke yoyo. Washegari muka naɗe kofin da auduga, muka sa shi cikin kula, allo ya nuna 44.

Shi ya sa nake roƙon ƴan uwana malamai: kafin yaro ya zargi na'ura, a ba shi labarin bango na biyu.