Tarihin Janye Zargin Cin Zarafin Ƙuruciya

Janye zargi shi ne baligi ya ce an yi lalata da shi yana yaro, daga baya ya dawo ya ce abin bai faru ba. Batun ya yi tashe a Amurka da Ingila a shekarun 1990, amma tushensa ya kai ga Sigmund Freud, wanda a 1896 ya danganta ciwon majinyatansa da lalatar ƙuruciya, a 1897 kuma ya sake ra'ayi.

A shekarun 1980 wasu likitocin tunani sun ɗauka cewa ƙwaƙwalwa tana binne mugun abu, kuma ana iya tono shi ta fassara mafarki, da sa mutum a wani hali mai kama da barci, da nanata masa tambaya. Majinyata suka fara zargin iyayensu, gidaje da yawa suka watse. A 1992 iyayen da ake zargi suka kafa gidauniyar False Memory Syndrome Foundation a Philadelphia, wadda ta rufe a 2019. Sai wasu 'ya'yan suka fara janyewa, suna maka likitocinsu a kotu. Beth Rutherford ta jihar Missouri ta zargi mahaifinta da yi mata ciki, gwajin asibiti ya nuna budurwa ce. A 1996 aka biya gidansu diyyar dala miliyan 1.

Bincike ya rabu gida biyu. A 1995 Elizabeth Loftus da Jacqueline Pickrell suka sa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutum 24 “tuna” ɓatan da ba su taɓa yi a kasuwa ba. Amma a 1994 Linda Meyer Williams ta bibiyi mata 129 da asibiti ya rubuta an ci zarafinsu suna yara, kashi 38 cikin ɗari ba su ambaci abin ba bayan shekara 17.

Nan ne wahalar take. Mutum yana auna tunaninsa da yadda hoton ya fito masa sarai, da abin da dangi suka faɗa, da ko abin zai yiwu, kuma dukansu suna iya yaudara. Matsin da ke shuka tunanin ƙarya shi ne ke iya kashe na gaskiya. Daga Damargu har Kano an san nauyin kalmar “a rufa asiri” idan manya suka taru a kan yarinya. Saboda haka janyewa kaɗai ba ta wanke wanda ake zargi, ba ta kuma tabbatar da laifinsa. Dole a binciki yadda tunanin ya zo, da wanda ke kusa lokacin da aka janye shi.