Sayen mota ta hannu a wurin dila: Takardun da ake buƙata da yadda ake mayar da ita sunan mai saye

Mafi yawan motocin da ake saye a Najeriya na hannu ne, ko dai waɗanda aka yi amfani da su a ƙasashen waje aka shigo da su, waɗanda ake kira Kwatano ko Tokunbo, ko kuma waɗanda aka riga aka hau a cikin gida. Mai saye yakan mayar da hankali kan lafiyar inji da giya da fenti, ya kira bakanike ya duba, ya biya kuɗi ya karɓi mukulli. Sai dai a wurin hukuma, mota ta wanda sunansa ke cikin rajista ce, kuma ba a amincewa da rajistar sai takardu sun nuna yadda motar ta fito daga tashar jiragen ruwa, ta bi hannu zuwa hannu har ta iso ga mai ita na yanzu. Duk inda wannan jeri ya yanke, wanda motar ke hannunsa ne zai amsa tambaya.

Lambar jikin mota

Abin da ke haɗa dukkan takardun shi ne lambar jikin mota, wadda 'yan kasuwa ke kira lambar casis, a takardun hukuma kuma ake rubuta VIN. A motocin zamani tana da haruffa da alƙaluma 17, kuma babu harufan I da O da Q a cikinta don kada a rikita su da 1 da 0. Ana ganinta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da jikin ginshiƙin ƙofar direba, kuma a motoci da yawa an buga ta a jikin ƙarfen motar.

Kafin maganar farashi, ya kamata mai saye ya kwafi lambar da hannunsa daga jikin motar, ya gwada ta harafi bayan harafi da abin da ke kowace takarda. Haka ma lambar inji. Bambancin harafi ɗaya na iya zama kuskuren rubutu, amma yana iya zama alamar cewa takardar ta wata mota ce. Alamar walda ko kankara ko sabon fenti a wurin da aka buga lambar dalili ne na fasa cinikin. Motocin da suka fito daga Amurka kuwa ana iya bincika tarihinsu a intanet da wannan lamba, a ga ko sun taɓa yin mummunan haɗari ko ambaliya ta shafe su.

Takardun kwastam

Ga motar da aka shigo da ita ba a yi mata rajista ba tukuna, takardun Hukumar Kwastam ta Najeriya ne kan gaba. Sun haɗa da takardar bayanin kaya da ake kira SGD, wadda ke ɗauke da lambar shigarwa da ke farawa da harafin C, da takardar ƙiyasin harajin da aka yanka wa motar, da rasidin banki na biyan harajin, da takardar izinin fita daga tasha. Dila mai tsari yakan haɗa da takardar jirgin ruwan da ya ɗauko motar.

Tun ranar 1 ga Janairun 2017 Gwamnatin Tarayya ta haramta shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, ta taƙaita shigowarsu ga tashoshin jiragen ruwa irin su Apapa da Tin Can a Legas. Duk da haka ba a daina satar hanya da su ba, kuma irin waɗannan motoci su ne aka fi haɗa wa takardun jabu. Akwai kuma motocin da aka biya wa haraji ƙasa da ƙima, ta hanyar rage shekarar ƙira ko sauya samfuri a takarda. Jami'an kwastam na da ikon tsare mota a kan hanya saboda ɗayan waɗannan dalilai ko da ta shekara da shekaru a hannun wanda ya saya, kuma cewa shi bai sani ba ba ya ɗauke harajin da ke kanta. A watan Satumban 2019 hukumar ta rufe wuraren sayar da motoci da dama a sassan ƙasar nan don binciken takardu, a 2024 kuma ta buɗe wa'adin kwana 90 ga masu motocin da ba a biya musu haraji daidai ba su je su gyara.

Saboda haka ganin takardar kaɗai bai wadatar ba. Ana kai lambar shigarwar da shekarar da aka biya da sunan tashar da motar ta fito zuwa ofishin kwastam, a tabbatar cewa suna cikin na'ura, kuma lambar jikin motar da ke na'urar ita ce ta motar da ake ciniki. Tun 2021 akwai kuma rajistar motoci ta ƙasa, VREG, ƙarƙashin Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya, wadda ake shigar da motocin da aka shigo da su a cikinta da lambar jikinsu.

Motar da aka riga aka yi wa rajista

Idan motar ta taɓa zama a hannun wani a Najeriya, takardun kwastam na nan da muhimmancinsu, amma akwai ƙari. Mai saye zai nemi takardar shaidar mallaka, da takardar da aka ba da lambar mota da ita, da lasisin mota, da takardar shaidar lafiyar mota ta jami'an duba motoci da aka fi sani da VIO, da takardar inshora. Duk na asali ake so. Hoton takarda ba ya maye gurbinta, kuma idan an ce ta asali ta ɓata, sai a nemi rahoton 'yan sanda da takardar rantsuwar kotu da mai motar ya yi a kan ɓatan.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ce ke riƙe da rumbun bayanan lambobin motoci, kuma tana da shafin intanet da ake shigar da lamba a ga irin motar da aka yi wa rajista da ita. Idan lambar da ke jikin Toyota Corolla ta nuna wata mota daban, ko ta ƙi fitowa gaba ɗaya, akwai matsala. Launin rubutun lambar ma yana da ma'ana: shuɗi na motar gida ne, ja na haya, kore na gwamnati. Motar da aka saya a gwanjon wata ma'aikata ko kamfani tana buƙatar takardar gwanjon da wasiƙar sakin motar.

Wane ne mai sayarwa?

Yawancin rikici daga nan yake tasowa. Ba kowace mota da ke filin dila ce tasa ba. Wasu ya saya ne ya ajiye, wasu kuma masu su ne suka kawo ya sayar musu ya ɗauki la'ada. Idan tasa ce, sai ya nuna yarjejeniyar da ya saye ta da ita daga mai ita na baya. Idan ta wani ce, sai a ga rubutaccen izinin sayarwa daga wanda sunansa ke takardun, tare da hoton katin shaidarsa, kuma ya fi kyau a gana da shi ko a yi magana da shi kai tsaye. Idan mai motar ya rasu, ana buƙatar takardar kotu da ta ba magada ko wakilinsu ikon sayarwa. Idan ta kamfani ce, wasiƙar kamfanin mai ɗauke da sa hannun masu iko.

Dalilin wannan tsanantawa ƙa'ida ce ta dokar ciniki: wanda bai mallaki abu ba ba ya iya mallaka wa wani shi. Wanda ya sayi motar sata, ko da da zuciya ɗaya, zai rasa ta ranar da mai ita ya bayyana, sai dai ya bi dila ya nemi kuɗinsa. Idan kuma aka nuna ya san ta sata ce, ko yana da dalilin da zai sa ya yi zaton haka, yana iya fuskantar tuhumar karɓar kayan sata, laifin da sashe na 317 na dokar Penal Code ta jihohin Arewa da sashe na 427 na dokar Criminal Code ta jihohin Kudu suka tanadi hukunci a kansa. Farashin da ya faɗi ƙasa da na kasuwa nesa ba kusa ba na cikin abubuwan da ake dubawa. Rundunar 'Yan Sandan Najeriya na da rajistar motoci ta CMR, inda ake shigar da rahoton motocin da aka sace, kuma ana iya neman a duba mota a can kafin biya.

Akwai kuma motar da aka jinginar aka ci bashi. Dokar jinginar da kadarori masu motsi ta 2017 ta kafa rajistar jingina ta ƙasa ƙarƙashin Babban Bankin Najeriya, kuma ana iya bincika ta don sanin ko wani banki na da haƙƙi a kan motar. Shi kansa dilan, ya kamata a tabbatar yana da rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, da wurin kasuwanci tsayayye da za a same shi gobe.

Yarjejeniya da biyan kuɗi

Takardu biyu dila zai bayar ranar ciniki: rasidi mai ɗauke da sunan kamfaninsa da adireshi, da yarjejeniyar sayarwa. Yarjejeniyar ta ƙunshi cikakken sunan mai sayarwa da mai saye da adireshinsu, da samfurin mota da launi da shekarar ƙira, da lambar jiki da ta inji da ta rajista, da farashi, da kwanan wata da lokacin miƙa mota, da sa hannun shaidu. A rubuta a ciki cewa mai sayarwa ya tabbatar motar ba ta sata ba ce, babu bashi a kanta, an biya harajinta cikakke, kuma zai mayar da kuɗi idan aka samu akasin haka. Duk alkawarin gyara ko garanti da aka yi da baki a sa shi a rubuce.

Biya ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan kamfanin da ke kan rasidi ya fi aminci, domin yana barin shaida. Doka ma ta shigo ciki: dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi fiye da naira miliyan 5, kamfani kuma fiye da miliyan 10, sai ta hanyar banki ko makamancinsa.

Sauya suna

Rajistar mota aikin jihohi ne. A yawancinsu ofishin lasisin motoci da ke ƙarƙashin hukumar tara haraji ta jiha ne ke yi, a Legas hukumar MVAA, a Babban Birnin Tarayya kuma hukumar DRTS. Kuɗin da ake biya da wasu sharuɗɗa sun bambanta daga jiha zuwa jiha, amma abin da aka saba nema shi ne yarjejeniyar sayarwa, da rasidi, da takardar rantsuwar sauya mallaka daga kotu, da takardun motar na asali, da katin shaida ko lambar zama ɗan ƙasa ta NIN, da hotunan fasfo. Wasu ofisoshin na neman takardar 'yan sanda, kuma akan buƙaci a kawo motar a gan ta. Bayan an kammala, sababbin takardu za su fito da sunan mai saye. Tsarin lambobin da aka fara a 2011 ya ɗaure lamba da bayanan mai mota, shi ya sa a lokuta da dama sauya mallaka kan zo da sabuwar lamba.

Inshorar tsohon mai mota ba ta bin motar zuwa hannun sabo, don haka sai an yanki sabuwa. Mafi ƙarancin abin da doka ta wajabta shi ne inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna. Daga 1 ga Janairun 2023 Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗinta naira 15,000 a shekara ga motar gida, tare da biyan diyyar ɓarnar dukiya har naira miliyan 3. Takardun inshora na jabu sun yi yawa a bakin ofisoshin lasisi, kuma ana tantance ta gaskiya a rumbun bayanan kamfanonin inshora na NIID ta hanyar shigar da lambar mota. Izinin gilashi mai duhu ma da sunan mutum ake bayarwa, sabon mai mota sai ya nemi nasa a wurin 'yan sanda.

Illar jinkiri

Mutane da yawa kan ci gaba da sabunta lasisi da sunan tsohon mai mota don gudun kashe kuɗi. Wannan na cutar da ɓangarorin biyu. Mai saye zai sha wahalar tabbatar da cewa motar tasa ce idan an sace ta, ko ya nemi diyya daga kamfanin inshora, ko ya tashi sayarwa, musamman idan tsohon mai ita ya ƙaura ko ya rasu. Mai sayarwa kuwa, idan aka yi laifi da motar ko ta kaɗe wani aka gudu, adireshinsa jami'an tsaro za su fara zuwa, tarar da kyamarorin kan titi ke yankawa a Legas ma sunansa za ta bi. Don haka ya dace ya riƙe kwafin yarjejeniya da na katin shaidar wanda ya saya.

Wanda ya ba wakili aikin rajista ya karɓi rasidin gwamnati na kowane biya, ya kuma sake duba lambar a shafin FRSC da na NIID bayan an gama. Idan saɓani ya taso da dila, ana iya kai ƙorafi ga Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya, FCCPC, ko a garzaya kotu, kuma a duk wuraren biyu abin da za a fara tambaya shi ne rasidi da yarjejeniya. Takardun asali a adana su a gida, na kwastam musamman, domin duk wanda zai sayi motar nan gaba su zai fara nema.